Garka a cikin buhu: abin da take ɗauke wa tukunyar miya, da lissafin ruwan da ke bayanta

Da sanyin safiya, kafin yara su kama hanyar lakwal, akwai wani ɗan aiki da ya fara zama al'ada a wasu gidaje na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai. Uwargida ta wanke shinkafa, maimakon ta watsa ruwan a ƙofar gida kamar yadda aka saba, sai ta nufi gindin katanga da shi. A can tsofaffin buhuna ne uku ko huɗu a tsaye, cike da ƙasa, ganyen yakuwa da alayyafo sun leƙo ta jikinsu. Kusa da su rabin bido ne mai na'ana'a, sai bokitin da ya fashe a gindi, yanzu barkono ne a cikinsa. An kewaye wurin da guntun gidan sauro da ya yage saboda kaji. Duka filin bai kai shimfiɗar tabarma biyu ba.

Ba don ado ake yi ba. Abin da ya kai mutane ga buhu shi ne kuɗin cefane. Magidanci na iya sayen gero ko shinkafa sau ɗaya ya huta na makonni, amma kayan miya kullum ne, kuma kullum sai an zaro kuɗi daga aljihu. A ɗauka gida na kashe dala ɗari, wato sefa 500, a kan tumatir, albasa, barkono da ganye kowace rana. A wata an tashi da jika 15, a shekara jika 180. Ga ɗan kabu-kabu, ko malamin lakwal mai kwantaragi da ke jiran albashi, ko matar da mijinta ke ci-rani a Libiya, wannan ba ƙaramin rami ba ne.

Shekarun nan sun ƙara nuna wa ƴan birni cewa tukunyarsu a rataye take da hanya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakokin Najeriya da Benin. Maraɗi, wadda ta saba da shige da fice ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya, ta ji a jikinta tun makonnin farko. An ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, amma iyakar Benin ta ci gaba da zama a rufe, kaya suka koma zagayawa ta Togo da Burkina Faso, kuɗin mota ya hau kansu. Ana cikin haka daminar 2024 ta zo da ambaliyar da ta kashe mutum sama da 300, ta shafi fiye da miliyan ɗaya a faɗin ƙasa, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi ji. Garake da yawa na bakin gulbi sun kwana ƙarƙashin ruwa.

Ko babu takunkumi babu ambaliya, akwai tsohuwar juyawar da kowace mai cefane ta sani. Daga Janairu zuwa Maris tumatir na zuba a kasuwa har ya ruɓe, manoma na yanka shi suna shanyawa kauɗa don kada su tashi a tutar babu. Da damina ta kankama sai ya zama abin lallaɓawa, a kasa ƴan ƙwaya uku a kan tire a ce dala ashirin, mata su koma ga na gwangwani da na leda.

Tsohon abu ne, gida ne ya canza

Shuka a cikin gida ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Wanda ya tashi a ƙauye ya san ƴar garkar bayan ɗaki, inda tsohuwa ke zuba kuɓewa, yakuwa da rama da ruwan farko. Ya san kabewa da duma suna hawa danga har su kwanta a kan rufin bukka, da zogalen da ke tsaye kusa da makewayi yana shan ruwan wanka. Noman rani ma yana da tarihinsa: bayan farin 1984 ne gwamnatin Seyni Kountché ta tura jama'a ga rijiyoyi da tafkuna, har salati, shu da karoti suka shiga abincin garuruwan da a da ba su damu da su ba. Yau albasar Galmi, zogalen Jiratawa, tattasan Diffa, dankalin turawan Bonkuku da na tsaunukan Ayar duk manyan sana'o'i ne.

Abin da ya canza shi ne gidan kansa. Filin da kaka ta bari an raba shi gado, an raba kuma. A Bukoki ko Talaje a Yamai, a Bagalam ko Sabon Gari a Maraɗi, a Zango ko Garin Malam a Damagaram, gida ɗaya na iya ɗaukar iyali biyar ƴan haya, tsakar gida an shafe ta da siminti, abin da ya rage na igiyar shanya ne da murhu. Inda babu ƙasar tonawa, sai a kawo ƙasar a cikin mazubi.

Daga Dakar da Nairobi

Dabarun da ake gani yanzu a bidiyon WhatsApp da TikTok suna da asali. A Dakar, tun 1999 hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, da gwamnatin Senegal suka fara koyar da shuka a kan tebur: teburin katako mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, a shimfiɗa masa leda, a cika shi da ɓawon gyaɗa da buntun shinkafa maimakon ƙasa. A unguwar Kibera ta Nairobi kuwa, bayan rikicin zaɓen Kenya na ƙarshen 2007, wata ƙungiyar agaji ta Faransa mai suna Solidarités ta yaɗa shuka a cikin buhun da aka tsayar, ana dasa ganye a samansa da kuma ta gefensa. Inda ƙasa ta ƙare a kwance, sai aka neme ta a tsaye.

FAO ta ba da alƙaluman abin da tebur ɗaya ke iya bayarwa: tumatir kusan 200 a shekara, wato kilo 30, ko salati 36 duk kwana 60, ko shu 10 duk kwana 90, ko albasa 100 duk kwana 120. A lura da "ko" ɗin nan, domin masu tallar abin a intanet sukan haɗiye shi. Ɗaya daga ciki ne, ba dukansu tare ba, kuma a hannun wanda aka koya wa aikin, mai iri mai kyau da takin ruwa na saye. Ɓawon gyaɗa da buntu ba su da abincin shuka a cikinsu, riƙe saiwa kawai suke yi. Shi ya sa a nan gida, inda takin ruwan ba ya samuwa a kowane lungu, ya fi sauƙi a gauraya su da ƙasa da takin dabbobi. Ɓawon gyaɗa dai ba ya wuya a Maraɗi da Damagaram, inda mata ke matse mai suna toya ƙuli-ƙuli, buntu kuma na tuli a wajen masu casar shinkafa na bakin kogin Isa.

Haɗa buhun ba ya buƙatar injiniya. Ana gauraya ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, rairayi ko ɓawon gyaɗa kashi ɗaya. A samu babban gwangwanin tumatir a cire masa kai da gindi, a tsayar da shi a tsakiyar buhu, a cika shi da tsakuwa, a zuba ƙasa kewaye da shi, a jawo shi sama, a sake cikawa, har a kai baki. Abin da ya saura a tsakiya ginshiƙin tsakuwa ne, ta nan ruwa ke gangarawa ya kai har ƙasa maimakon ya tsaya a sama. Sai a tsaga ƴan ƙofofi a jikin buhun, tazarar kamar ɗani ɗaya, ba a jere da juna ba, a cusa dashe a ciki. Babban buhu na ɗaukar tushe 20 zuwa 30 na ganye.

Wuri biyu ne sabon shiga ke faɗuwa. Na farko taki ɗanye. Gidan da ke turke ragon Layya yana da arzikin taki a kusa, amma kashin da bai ruɓe ba yana ƙone saiwa, yana kuma ɗauke da ƙwayoyin cuta. Sai an tara shi a rami ko a lungu, ana yayyafa masa ruwa ana juyawa, wata biyu zuwa uku, har ya yi baƙi ya daina wari. Na biyu kuwa mazubi da ƙasar da aka ɗebo. Ƙasar bola baƙa ce mai kyan gani, amma a cikinta akwai fasassun batura da ƙonanniyar leda. Bidon man mota, na maganin ƙwari ko na ruwan batir, ko an wanke shi sau goma, ba wurin shuka abin ci ba ne. Sannan a san cewa buhun roba ba ya jure ranar Sahel: cikin ƴan watanni yake fara marmashewa, sai an lulluɓe shi da tsohon zane ko an saka shi cikin wani.

Ruwa ne ke yanke hukunci

Duk wanda ya ce matsalar shuka a gida ita ce rashin fili, bai zauna Damagaram cikin watan Afrilu ba. Garin na zaune ne a kan dutse, ruwan ƙarƙashinsa kaɗan ne, abin da yake sha daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Macaya, daga Arunguza, daga Ganaram. Da zafi ya tsananta akwai unguwannin da pampo ke kwana da kwanaki bai ɗiga ba, mata da yara na layi da bido tun tsakar dare, ƴan ga-ruwa kuma su ne masu faɗa a ji. Tawa ma ta san irin wannan, haka sababbin unguwannin gefen Yamai, duk da kogi na ratsa birnin. A irin wannan gida, zuba ruwa a buhu na iya zama abin faɗa tsakanin miji da mata, kuma mai faɗan na da hujja.

FAO ta ce teburin Dakar ba ya shan lita 3 a rana. Dakar kuwa bakin teku take, iskarta da laima. A nan, a tsakiyar bazara, rana da busasshiyar iska na iya ɗauke lita 7 zuwa 8, ko fiye, daga kowane fili mai faɗin teburin nan a wuni ɗaya. Don haka kafin a sayi iri, a fara da lissafi. A ɗauka buhu biyar ne, kowanne na shan lita 4: bido ɗaya ke nan na lita 20 a rana, bido 30 a wata. Idan bidon dala biyar ne, an kashe sefa 750, ganyen da za a tsinka ya fi haka nesa ba kusa ba. Idan ƙarancin ruwa ya kai bidon dala ashirin, kuɗin ya zama jika uku, kuma shan bazara ya ninka na lokacin sanyi. A nan riba ta gudu. Gara a rage buhunan zuwa biyu, a bar zogale da na'ana'a su rayu, a jira damina.

Gidajen da abin ke ɗorewa a cikinsu su ne waɗanda ba sa sayen ruwa don shuka, suna sake amfani ne da wanda aka riga aka saya. Ruwan wanke shinkafa, na wanke kayan miya, na ɗauraye kofunan shayi, duk suna yi. Ƙasarin gero dai akuya da rago sun riga shuka a layi, ba a taɓa musu. Babban rumbun da ake mantawa shi ne ruwan alwala. Gida mai mutum bakwai, salla biyar a rana, in kowa ya yi alwala a kan roba maimakon a kan siminti, ko da rabin lita ce kowane karo, an tara lita 17 da wani abu kafin a kwanta. Kusan bido guda ke nan da a da yake bin rariya.

Ba kowane ruwa ke shiga ba. Ruwan wanki mai omo ko jabel yana tara gishiri a cikin ƙasa, kuma tun da buhu ba shi da inda zai kai gishirin, cikin ƴan makonni bakin ganye ya fara ƙonewa. Ruwan wanke-wanke mai maiƙo na jawo tururuwa da ƙuda. Ruwan da aka wanke jariri ko tsummansa bai kamata ya kusanci abin ci ba sam. Abin da ake ci ɗanye, kamar salati, ruwa mai tsabta kaɗai ya dace da shi, sauran kuma a zuba musu a gindi, ba a kan ganye ba.

Akwai dabarar da ta girmi robar ɗiga-ɗiga da ƙarnoni, kuma kayanta na nan a kasuwa: tulun ƙasa, irin wanda maginan Mirya ko na Bubon ke ginawa, wanda ba a shafe shi da fenti ko siminti ba. Ana binne shi har wuya a tsakiyar rabin tano ko a ƴar ƙasar da ta rage a tsakar gida, a cika shi da ruwa, a rufe bakinsa, a shuka kewaye da shi. Tulun na tsatsa a hankali, yadda yake yi har ruwan sha ya yi sanyi, saiwa kuma ta zo ta manne masa. Ana ƙara masa ruwa duk kwana biyu ko uku. Wanda ba shi da tulu ya huda murfin gorar ruwa da allura ya kifa ta a gindin shuka. A rufe fuskar ƙasa da ciyawa ko ɓawon gyaɗa, a yi ban ruwa da asuba ko bayan la'asar, a jera buhuna inda hantsi ke samunsu amma katanga ta tare musu ranar yamma. Shuka na son rana ta awa biyar zuwa shida, ba ta wuni ba. Da Afrilu ya shigo, zana ɗaya a sama na iya raba garka da mutuwa.

Sai a tuna da sauro. Tano a buɗe, tsohuwar taya mai riƙe ruwa, faranti a ƙarƙashin bokiti, duk wurin haihuwarsa ne, kuma cikin kamar mako ɗaya ƙwansa ke zama mai cizo. Babu ribar yakuwar da za ta biya kuɗin kwanciya asibiti da yaro mai zazzaɓin cizon sauro.

Tumatir ba shi ne na farko ba

Kusan kowa da tumatir yake son farawa, domin shi ne ke ƙona aljihu. Shi ne kuma ya fi karya zuciya. Yana son mazubi mai zurfin santimita 30 zuwa 40, yana son sanda, yana son ruwa ba yankewa, kuma idan zafin rana ya wuce maki 35 dare ma bai yi sanyi ba, furensa zubewa yake yi. Mutum ya ga ganye shar, ya yi ta jira, ba ɗa ko ɗaya. Lokacinsa daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu, tare da salati, shu da karoti. Abin takaicin shi ne a daidai lokacin ne ya fi araha a kasuwa. Akwai iri masu jure zafi da damina. Cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ta yi aiki a kansu, har ta fitar da wanda ake kira Icrixina. Mai son tumatirin damina irin wannan zai nema da suna, ba ya matse ƙwayar wanda ya sayo a tire ba.

Wanda ke son ganin sakamako da wuri, ganyen gargajiya ne abokinsa. Alayyafo na isa yanka cikin mako uku zuwa huɗu, kuma yana sake tohowa. Yakuwa, rama da lalo ba sa tsoron zafi. Ganyen wake da na dankali suna bin jikin buhu ana tsinka ana miya. Gindin albasar da aka yanke za a jefar, in aka dasa shi, lawashi yake bayarwa. Barkono tushe biyu na iya riƙe gida watanni. Na'ana'a kuwa reshe ɗaya ake nema a wurin maƙwabci, sauran ta yi da kanta; fadar samarin da ke dafa shayi sau uku a dare, suna aiken yaro da dala biyar kowane zama, za su iya gama wannan da rabin bido ɗaya a bayan benci.

Zogale ya cancanci a tsaya a kansa. Saiwarsa doguwa ce, buhu na matse shi, ya fi son ƙasa kai tsaye ko rabin tano. Amma in ya kama, ba ya neman ruwa da yawa, kuma cikin wata biyu zuwa uku an fara tsinka. Kuskuren da ake yi shi ne a bar shi ya miƙe kamar sandar lantarki, ganye na can sama inda sai da ƙugiya. Manoman Jiratawa ba sa barinsa haka: suna datse shi ƙasa-ƙasa ya yi rassa, ana yanka akai-akai. Irin PKM-1 da aka kawo daga Indiya ya fi saurin girma, ana kuma samunsa a wajen masu sayar da iri. Tushe uku ko huɗu da aka kula da su na kawo kwaɗo ko dambu a gida ba tare da an je kasuwa ba.

Piya-piya, akuya da mai gida

Akwai dalili na biyu da ke sa wasu shuka nasu, ba kuɗi kaɗai ba: sanin abin da aka fesa. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar majalisun manoma ta ƙasa, RECA, ta sha nuna cewa yawancin magungunan ƙwarin da ake sayarwa a kasuwannin Nijar ba su da amincewar kwamitin ƙasashen Sahel mai tantance su. Ana fesa wa shu da zogale maganin auduga, a yanka a kai kasuwa kafin kwanakin jira su cika. Manomin ma ba don mugunta yake yi ba, ƙwarin ne suka fi ƙarfinsa. Tsutsar tumatir da ake kira Tuta absoluta, wadda aka fara gani a Nijar a 2013, ita ce ta share gonakin arewacin Najeriya a 2016 har jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir.

Sai dai garkar gida ba ta tsira daga wannan ba, kuma haɗarin ya fi kusa. Kwalbar piya-piya da ke ƙarƙashin gado don sauro da kyankyaso ita ce hannu ke fara kaiwa gare ta idan aka ga tsutsa a ganye. Guba ce, kuma tsakar gida wurin rarrafen yara ne. A buhu biyar ido da yatsa sun isa yawancin aikin: a duba bayan ganye da safe, a cire tsutsa, a tsinke ganyen da ya kamu a ƙone. In abin ya yi yawa, ga dogon yaro a kowane titi. Ana daka busassun ƴaƴansa kamar rabin kilo, a jiƙa cikin lita 10 na ruwa su kwana, a tace da ƙyalle, a ɗan kaɗa farin sabulu a ciki, a fesa da yamma, a maimaita bayan mako. Ba ya kashewa nan take, yana hana ƙwaro ci da haihuwa ne, don haka sai da haƙuri. Wanda bai gane abin da ke cin shukarsa ba yana iya ɗaukar hoto ya aika; RECA na da cibiyar amsa tambayoyin manoma ta waya da WhatsApp, da Hausa ma ana amsawa.

Manyan ƙwarin dai masu ƙafa huɗu ne. Akuya ɗaya da ta samu ƙofa a buɗe na gama aikin wata biyu kafin a idar da sallar azahar, kaji na tone dashe, ƙadangaru na bin sabon toho. Ba shinge, ba garka. Ga ɗan haya kuma akwai mai gida. Katangar laka ba ta son laima, kuma bayan gidajen da suka rufta a 2024, har da tsohon masallacin Birni na Damagaram, babu wanda zai zargi mai gidan da ya hana a jingina jiƙaƙƙen buhu da bangonsa. A ɗora buhuna a kan bulo, a ja su baya da bango kamar kamu ɗaya. Rufin ƙasa ko na kwano ba wurin ɗora su ba ne, domin buhun da ya sha ruwa ya fi buhun siminti nauyi. Fa'idar ɗan haya ɗaya ce: ranar tashi, bokiti da bido na hawa amalanke tare da katifa.

Masu aiko da kuɗi

Ɗan Tawa da ke Abijan, ɗan Kance da ke Aljeriya, ɗan Maraɗi da ke Kano ko Legas, duk sun san saƙon murya na ƙarshen wata, sun san layin Nita da Amana. Sun kuma san cewa yawancin abin da suka aiko a tukunya yake ƙarewa, ba ya barin alama. Tano mai murfi, ragar waya ta shinge, tulu biyu da ƴan ƙullin iri abu ne da ake saye sau ɗaya ya yi shekaru yana rage wani abu. Da yawa daga cikin masu ci-rani a Sabha ko Tamanrasat aikin garka suke yi wa wasu, sun iya rainon iri, sun iya jan robar ɗiga-ɗiga, ilimin da sau da yawa ba ya biyo su gida.

Amma akwai tambayar da ya kamata mai aikowa ya yi kafin ya ba da umarni ta waya: wa zai ɗauki ruwan? Garka ba ta san biki ba, ba ta san rashin lafiya ba, kwana biyu babu ruwa cikin bazara ta tafi. In aka ɗora ta a kan matar da ke da yara biyar da sana'ar ƙosai, ko a kan yarinyar da za ta makara lakwal saboda layin pampo, to an ƙara mata aiki ne da sunan taimako. Inda abin ke tafiya, akwai mai sonsa a cikin gidan, sau da yawa tsohuwa ko wani saurayi da ya ɗauke shi nasa.

Su ma na can suna shukawa. Ƴan Nijar da ke Faransa, Beljiyam ko Amurka kan tayar da yakuwa da kuɓewa a baranda cikin watannin zafinsu, don miyar ta yi kama da ta gida. A sani dai cewa tun Disamban 2019 Tarayyar Turai na neman takardar lafiyar tsirrai ga shuka da irin da matafiyi ya shigo da su, ƙullin da inna ta cusa a jaka na iya tsayawa a filin jirgi.

Inda buhu ya tsaya

Masu cewa kowa ya noma abincinsa a gida a daina kuka da tsada suna wuce gona da iri. Ma'aunin da hukumomin Nijar ke lissafi da shi shi ne kilo 231 na hatsi ga mutum ɗaya a shekara. Gida mai mutum bakwai na buƙatar sama da kilo 1,600, kuma a yadda gero ke bayarwa a ƙasar nan, kusan kilo 500 a hekta, gona ce ta fiye da hekta uku. Babu tsakar gidan da za ta ba da wannan. Ko gram 400 na ganye da ƴaƴan itace da hukumar lafiya ta duniya ke son kowa ya ci a rana, ga mutum bakwai kusan kilo uku ne kullum, buhu biyar ba za su kai ba. Tuwo na nan a hannun damina, manomin ƙauye da farashin tiya. Abin da buhu ke iya riƙewa shi ne ganyen miya na wasu kwanaki a mako, barkono, lawashi, na'ana'a, da ranar da babu ko dala a gida amma aka samu abin kaɗawa a tukunya.

Ga mai son gwadawa bana, ƙarshen damina ne lokacin shiri. Takin da aka tara a Satumba ya nuna kafin sanyi ya sauka. Cikin Oktoba ake zuba irin tumatir, salati da shu a ƙaramin faranti mai huji, a inuwa, a dasa su bayan mako uku zuwa huɗu, da yamma. Irin da ya daɗe a rana a teburin ɗan kasuwa sau da yawa ya mutu, kuma ba a ganewa da ido. Kafin a zuba, a ƙirga ƙwaya goma a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye kusa da randa, a buɗe bayan kwana biyar zuwa bakwai. In bakwai ko takwas sun tsiro, a shuka. In uku ne, a koma kasuwa.